Sheƙar Fure a Dutsen Ƙararrawa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye saiwa a cikinta, ya ɗaga reshe ya rataya masa inuwa. Ku matso ku gyara zama, na kusa ya matsa wa na nesa. Ni ne Nomau ɗan Ilu, jikan Tabawa, mutumin Rijiyar Tsamiya, wanda ya ƙetare teku don neman maganin itace ɗaya tak, barewa ta cinye masa ilimi a hanya, ya kuma share abin da gari guda ya hau dutse don ya gani. Ga yadda aka yi.

A ƙofar gidanmu akwai wani mangwaro da kakana ya dasa a shekarar da ya auro Kaka Tabawa. Dattijo muke ce masa. A da, in ya yi 'ya'ya har ƙauyukan kewaye sai sun shaida. To shekara huɗu a jere sai ya riƙa yi mana wasa da hankali: fure ya fito ya rufe shi ruf, kafin mako biyu ya zube ƙasa gaba ɗaya, ko ɗa guda na rantsuwa babu. Baffa Barau, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifin nawa, yana da wurin wankin mota a gindin itacen. Ya ce ya gaji da share fure daga kan motocin mutane, za a sare, ya kafa rumfar kwano.

A lokacin ban fi wata biyu da karɓo digirina na aikin gona ba, takardar ko lanƙwasa ba ta yi ba, kaina kuwa cike da dabaru kamar rumbu ranar da aka gama girbi. Na miƙe a gaban manya na yi dogon bayani a kan sinadaran ƙasa. Baffa ya bari na gama, sannan ya tambaye ni ko a jami'ar an taɓa ba mu mangwaro mun sha, ko takarda kawai ake rabawa. Kaka ce ta raba gardama. Ta ce a bar wa Dattijo fure ɗaya nan gaba. In ya zo bai riƙe ba, ita da kanta za ta ba mai sara ruwan sha. Baffa ya amince, don ba ya iya musu da uwarsa.

Ni kuwa na riga na san inda magani yake. A ofishin malamina akwai wata kalanda mai hoton ƙasar Japan, tsibiran da ke can inda rana take fitowa: itatuwa jere a gaban wani haikali, fure ya lulluɓe su har ba a ganin reshe. Na yi lissafi a littafina cewa in fure ɗaya cikin goma ya zama ɗa, itace guda zai cika tirela. Na ce mutanen da suka iya riƙe fure haka su ne malamaina. Ban tambayi kowa irin 'ya'yan da itacen ke yi ba. Mai sabon digiri ba ya tambaya, bayani yake yi. Da aka buɗe gurbin ɗalibai masu zuwa ganin gonakin can, ni na fara cika takarda, aka kuwa ɗauke ni.

Ranar tafiya Kaka ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da yaji, ta kife faifanta a kai don kada su farfashe. Na ce, "Haba amarya, faifai har cikin jirgin sama?"

Ta ce, "Angon da bai san abin da zai buƙata ba shi ake yi wa guzuri. Ɗauki ka ba ni wuri."

Ita ta raine ni, kuma da yake gidan babu 'ya mace a lokacin, tsintsiya da turmi da faifai duk ni na gaje su.

Muka yi ta keta gajimare har na rasa gabas, sannan muka sauka. Abin mamaki na farko wani ɗan tafinta ne da suka ba ni, bai fi ƙwallon dabino ba; in ka saƙala shi a kunne, duk abin da aka faɗa sai ya raɗa maka da harshenka, taka maganar kuma wayarka ta mayar musu da nasu. Na biyu jirgin ƙasa ne mai dogon baki kamar zalɓe, wanda in ka hango gari ta taga ka tambayi sunansa, kafin a amsa an wuce uku. Na ukun ya fi su duka: a ƙasar nan fure tafiya yake yi. Itacen sunansa sakura. Furensa kan fara buɗewa daga kudu, ya riƙa haurawa arewa zango-zango kamar ayari, ya kwana bakwai ko goma a gari, ya yi gaba. Na ga hoton ma'aikata tsaye ƙarƙashin itace ɗaya da aka ware, sun ɗaga kai suna ƙirgawa, jama'a sun yi tsit kamar masu duban watan salla. Da an ga biyar sun buɗe sai a yi shela, gari ya ɗauka.

A gari na farko na makara, domin littafina ya ce saura kwana goma sha biyu. Na bi sauran ɗalibai zaga gonakin shinkafa, da na dawo koren ganye na tarar. A gari na biyu ma haka, sai dai a can na gamu da barewa.

Barewar wannan gari ba ta gudun mutum. Yawo take a harabar wuraren ibada kamar akuyar gida, in ta tare ka kuma sai ta sunkuyar da kai ta gaishe ka. Ni da aka yi wa tarbiyya, na amsa. Wata ta zo, na amsa. Kafin na ankara sun kai talatin, kowacce na gaisuwa, ashe ƙamshin ƙuli-ƙuli suka ji. Da na ciro na ba ta gaba sai suka yi mini caa. Wannan ta ja riga, waccan ta tunkuɗe ni da goshi, wata mai tabo a kunne ta zare littafina daga aljihu ta tsaya tana taunawa a natse, lissafin wata uku, tana kallona ido cikin ido. Da na ga za su kai ni ƙasa sai na tuna awakin Kaka, waɗanda ba sa rabuwa da mutum sai an kife musu ƙwarya sun ga babu. Na zazzage ƙullin, na kaɗe shi a sama, na buɗe tafukana biyu. Suka duba, suka sunkuyar da kai, suka watse kamar an tashi biki. Yaji da faifai kaɗai suka bar mini.

Wata dattijuwa mai sayar da abincin barewa ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta ji abin da ya kawo ni, ta ce mai bin fure a baya ganye zai yi ta tararwa, in riga shi gaba in zauna in jira. Ta kwatanta mini Dutsen Ƙararrawa, can arewa inda fure ke isa a ƙarshe, inda wani tsoho mai suna Tomezo ke jinyar itacen da ya shekara ɗari bakwai. Na nemi izinin jagoranmu, na hau mai bakin zalɓe.

Matakala ɗari tara ne daga gindin dutsen zuwa haikalin, ana bi ta ƙarƙashin jajayen ƙofofin katako da ba su da ƙyaure ba su da bango, ƙofa ce kawai tsaye a sarari. A sama na tarar da fili mai farar tsakuwa, da doguwar rumfar wata ƙararrawa da ba a buga ta sai da gungume rataye. A tsakiyar filin ga itacen, Uwar Dutse suke ce mata. Rassanta sun miƙe har sun gaji, an tokare su da sanduna, ta zama kamar tsohuwa mai dogara sanda ashirin. Wani gajeren tsoho mai tawul ɗaure a ka, da takalmi mai rababben baki kamar kofaton akuya, ya manna kunne a jikinta yana saurare.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba Tomezo, sannan na zube masa duk abin da barewa ba ta cinye ba. Ya saurara har na ƙare. Ya ce in zauna in yi aiki, kada in yi tambaya sai fure ya gama abin da ya zo yi, ranar zai nuna mini abin da ke riƙe da ita. Ya miƙo mini guga. Da ya ga ina neman alƙibla, shi ya share mini wani lungu bayan ɗakin kayan aiki. In masu haikalin sun buga ƙararrawa sun shiga ibadarsu ina gefe, in na ta da salla su rage murya, ba wanda ya takura wa wani.

Kwana shida ina ɗibar ruwa ina ɗaure sanduna. Ran na bakwai da hantsi Uwar Dutse ta buɗe. Jama'a, na ga auduga ta fashe a gona, na ga gajimaren marka da rana ta haska, ban ga irin wannan ba. Fari ne da ya ji kunya ya ɗan yi ja. In ka tsaya a ƙarƙashi ba ka ganin sama, hasken da ke sauko maka ma launin furen ne. Mutane suka riƙa hawowa, su wanke hannu a wani kwamin dutse, su je su yi ibadarsu, sannan su shimfiɗa shuɗɗan tabarmi su zauna su ɗaga kai. Kallo kawai suke yi, da ci. Ni a zatona lissafin amfanin bana suke yi a zuci, irin na manomi a bakin gona. Suka yi ta yafito ni ina zama, a ba ni dunƙulen shinkafa kamar tuwon da suka ɓata da miya, da koren shayi ba sukari. Na fito da yajin Kaka. Wani direban jirgin ƙasa ya lasa, ya yi hawaye, ya share, ya miƙo hannu a ƙara.

Ran na takwas da buɗewarta, da la'asar, iska ta taso, fure ya fara zuba. Ciwon Dattijo ne sak, ya biyo ni har nan. Ga shi kuma na ji Baba Tomezo na cewa gobe ce babbar rana, mutanen ƙauyen gindin dutse za su hawo gaba ɗayansu, har da tsofaffin da sai an goyo su.

Da na idar da sallar asuba na leƙa filin, fure ya rufe shi har idon sawu. Na ce wannan abin kunya biyu ne: baƙi na tafe tsakar gida ba shara, kuma za su ga itacen tsoho ya gaza. A gidanmu ko maƙwabci ne zai shigo sai an share. Na ɗauki tsintsiya na duƙa. Kafin rana ta ɗaga na cika buhu goma sha ɗaya, na jere su bayan rumfar ƙararrawa, na dawo na yi wa tsakuwar zanen tsintsiya irin wanda Kaka ke yi ranar salla. Na tsaya ina jiran yabo.

Baba Tomezo ya fito, ya tsaya. Ya dubi filin, ya dubi tsintsiyar da ke hannuna, ya cire tawul ɗin kansa ya riƙe. Da ya yi magana a hankali ya yi ta, har tafintan kunnena ma kamar ya ji nauyin faɗa. Ya ce abin da na share shi suke hawowa gani. Buɗewar fure ta kowa ce, amma zubarsa ta mutanen ƙauye ce, shekara guda suke jiran su taka wannan shimfiɗar. Akwai wata tsohuwa Ohatsu, ta haura casa'in, jikokinta ke goyo ta matakala ɗari tara don kawai ta cire takalmi ta tsaya a kai. Ya ce in baƙi sun tashi sauka, in bi su da jakata.

Ya juya ya tafi tarbarsu. Ni kuwa abin da na hango Dattijo ne kwance, Baffa na auna rumfa.

Na ruga na zazzage buhu ɗaya a filin. Ya zama tulin shara, fure da tsakuwa da ƙasa a cakuɗe, ya fi da muni. Daga ƙasa na fara jin muryoyi. Ina tsaye iska ta kaɗa mini riga, na lura ta bayan rumfar ƙararrawa take fitowa, ta ratsa ta kan itacen, ta sauka daidai bakin matakala. Fure marar nauyi, tsakuwa mai nauyi, ga iska. Wannan ai ba sai da digiri ba.

Na ɗauko faifan Kaka, na kinkimi buhu na hau saman rumfar, na tsaya bayan ƙararrawa inda ba a ganina. Na cika faifai na ɗaga sama da kaina, na karkata shi, na fara sheƙa kamar yadda ake sheƙe gero bayan sussuka. Tsakuwa ta zubo a kan ƙafafuna. Furen kuwa ya tashi, iska ta ɗauke shi ta kan rassan, ya haɗu da wanda ke zubowa da kansa, ya sauka a kan mutanen farko da suka hawo.

Suka tsaya cak. Daga nan sai wata irin ajiyar zuciya ta tashi daga bakin mutum ɗari a lokaci ɗaya. Yara suka shiga tsalle suna cafkewa. Aka sauke tsohuwa Ohatsu, ta cire takalmi, ta buɗe tafukanta, fure na sauka a kan furfurarta, tana dariya ba haƙori ko ɗaya. Na ci gaba, buhu bayan buhu, kafaɗuna kamar za su cire, har filin ya koma yadda na same shi da asuba, ya ma fi tsabta.

Ina kan buhu na tara na ji motsi a bayana. Baba Tomezo ne, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya daɗe yana kallon hannuna. Can ya karɓi faifan ya gwada, bai duba inda iska ta fuskanta ba, ya juye wa kansa tsakuwa. Ya tofar da ta bakinsa, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa ƙararrawa ta yi ɗan gunji. Ya ce in ƙarasa, jakata kuma in bar ta inda take.

Da yamma muna zaune a tabarma, fure ya gama abin da ya zo yi, na sami damar tambaya. Na ce, "Baba, to yaushe 'ya'yan za su nuna?"

Ya ce waɗanne 'ya'ya. Takan ɗan yi wasu ƙanana masu ɗaci, na tsuntsaye ne.

Na ce, "Shekara ɗari bakwai kuna ciyar da itacen da ba ya ciyar da kowa?"

Ya nuna mini filin da haɓa: tabarmi sun fi hamsin, kowacce da kwano a buɗe, wannan na miƙa wa wancan, tsohuwa Ohatsu na lasar yajin Kaka tana fifita baki. Sannan ya tashi ya ja ni bayan itacen, ya yaye wata asabari da ke kewaye da gindin. Ƙananan itatuwa ne a zagaye, kaurin hannu, an fille kawunansu an cusa ƙarƙashin ɓawon tsohuwar, sun haɗe da ita sun zama jiki ɗaya. Ya ce saiwarta ta asali ta ruɓe tun yana saurayi, waɗannan jikokinta ne, su ke ci mata abinci. Na san auren itace, mun yi shi a makaranta, amma kullum sabon kai muke ɗora wa gindi. Ban taɓa jin an yi wa tsoho sababbin ƙafafu ba.

Ya tambaye ni me ke gindin nawa itacen. Na fara bayanin ganye, ya maimaita tambayar. Sai na tuna. Shekara biyar da suka wuce Baffa ya daɓe wurin da siminti har jikin kututture, ya haƙa kwata ya datse saiwoyi, ruwan sabulu kuma can yake kwanciya. Duk hutun da na zo gida a kan daɓen nan nake tsayawa, kaina a ɗage.

Ya ce, "Kai ma irin baƙina ne, sama kake kallo. Su an yafe musu, kallo suka zo. Mai itace ƙasa yake duba."

Kwana arba'in na yi ina koyon tsaga ɓawo da fiƙe kan dashe da ɗauri, har ya daina karɓe wuƙar daga hannuna. Ranar rabuwa ya ba ni wuƙar, na ba shi faifan, bayan na nuna masa yadda ake duban iska.

Na iso gida ruwa ya fara sauka. Baffa ya ce in yi abin da na ga dama, rumfa dai tana nan tafe. Na fasa daɓen taku huɗu kewaye da gindin, na karkatar da kwatar, na zuba taki. Saura jikoki. Kaka ta yafa mayafi ta bi gida-gida, domin rabin mangwaron garinmu daga ƙwallon Dattijo ya fito, ta dawo da dashe tara a gwangwanaye. Na dasa su, da suka kama ƙasa na aurar da su. Bakwai suka haɗe.

Da lokaci ya zagayo fure ya fito. Baffa ya ƙirga mako biyu cif, ya sa rana da Jatau mai injin yankan itace. Ni ma na sa tawa a ranar. Na aro tabarmi, Kaka ta turara dambu tukunya uku, na bi unguwa ina gayyatar mutane kallon fure. Aka yi ta dariya, wasu suka ce boko ya taɓa ɗan Ilu, liman ya tambaya ko furen rawa zai yi. Amma da yake an ambaci dambu, kafin azahar babu masaka tsinke a gindin Dattijo. Fure na zubowa a kwanuka, mata na hurewa suna ci.

Baffa ya iso da Jatau, inji a kafaɗa. Ba a sara itace mutane na ƙarƙashi, dole suka zauna jira. Kaka ta miƙa wa Jatau ruwa a moɗa, ta ce alkawari ne, aka tura musu akushi. Baffa ya kai loma biyu sai fure ya faɗo masa a hannu. Ya ɗaga kai zai yi mita, shi da ya shekara biyar bai kalli komai a wurin ba sai tayoyin mota.

Bai yi mitar ba. Ya miƙe, ya jawo wani reshe, ya kai shi kusa da ido. A tsakanin busassun furen ga wasu 'yan kore-kore kamar ƙwayar wake, uku a nan, biyar a can. Ba yawa, amma sun riƙe. Ya sake reshen a hankali. Can ya nuna wani babba da ya miƙa ta kan katanga, ya ce wa liman daga nan ya faɗo yana ɗan shekara tara, ya karye a hannu, yayansa Ilu ya goya shi har gidan maɗori, kuma bai saki mangwaron ba.

Jatau ya suɗe yatsu ya ce, "Alhaji, ta wane gefe zan fara?"

Baffa ya ce, "Fara da wancan akushin, ai bai ƙare ba." Ya juyo wurina yana kallon ƙasa, ya taka ragowar daɓen da ƙafa. "Kai Malam Boko, da wace guduma ka fasa na farkon?"

Nan hikayata ta sauke kaya. Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri, ya zo Rijiyar Tsamiya lokacin fure. Ya taho da tabarmarsa, kuma ya bar tsintsiya a gida.